Rasuwar Kwaɗon Ƙofar Masaƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan uwana ma'aikatan masaƙa rasuwar Kwaɗo, mai tsaron babbar ƙofa, wanda ya cika a bakin aikinsa ranar Talatar da ta gabata.

Marigayin ya shigo cikinmu ne ranar da ƙungiya ta fara yajin aiki, bayan mun ji kamfani na shirin kwashe injuna ya koma wata ƙasa inda ma'aikaci ba ya ɗaga murya. Muka rataya shi a ƙofa don kada ko ƙusa ta fita, aka damƙa mini makullinsa a matsayina na dattijon sashen saƙa. Magana ɗaya ya yi a duk rayuwarsa: ƙaras! Bai kuma taɓa janye ta ba.

Za a yi masa kyakkyawar shaida. Bai taɓa zamewa daga bakin ƙofa da sunan ciwon ciki ba, bai taɓa yi wa manaja murmushi a ɓoye ba. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Mu da muke ta ihun ƙarfe ɗaya ba ya amo, mu ne muka riƙa sulalewa gida ɗaya bayan ɗaya, muka bar ƙarfe ɗaya yana yajin aiki shi kaɗai.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da alƙali ya ce muna da 'yancin ajiye aiki, kamfani ma yana da 'yancin ɗaukar kayansa ya tafi inda ya ga dama. Sai manaja ya aiko yana neman masu kwance injuna, aikin yini, biya nan take. Da na ba uwar 'ya'yana labari ina cika baki cewa ni ba zan je ba, ta kife tukunya a gabana ta ce, "Baban yara, ka je ka tambayi kwaɗon naku me za a ɗora yau."

Na je, makulli na aljihuna. Manaja ya miƙo hannu, abokan aiki sun zuba mini ido, sai na ce ya ɓata. So nake a ce ƙarfi aka nuna mana, kada a ce da hannuna na buɗe. Aka kira mai walda. Marigayin ya jure, yana ta zubar da tartsatsi, har ya faɗi gida biyu. Na tsallake gawarsa, na shiga na kwance injin da na tsufa ina shafa wa mai. Wallahi tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi, amma ina ci.

Ya rasu ya bar sarƙarsa, wadda ba ta da abin riƙewa yanzu, da ƙofa a wangale, da fili mai tabon baƙin mai inda injuna suke a da.

Za a kai shi makwancinsa gobe da yamma a wurin mai sayen ƙarafa, bayan masaƙa. Ba a buƙatar jawabi, mun yi isasshe. Waɗanda suka yi lodi tare da ni su wanke hannu kafin su taɓa shi. Makullinsa ma zai halarta. Ni zan kawo shi, don bai taɓa barin aljihuna ba.