Kwana Shidan Ɗan Tsibiri

A wani daji, a ranin bara, an kashe hannun majefin da ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma babu wanda ya doke shi ko da tsinke. Da rana tsaka aka yi abin, gaban dabbobi fiye da dubu, suna tafi.

Dabbobin dajin nan suna da wani wasa da suka fi so a kan abinci, sunansa jifa-da-kulki. Ɗaya ya tsaya tsakiyar fili ya jefo goriba, ɗaya ya tare ta da kulki. In ya make ta ya zagaye turaku huɗu da gudu, ƙungiyarsa ta ci. In ya kuskure sau uku, ya koma ya zauna. Saboda haka duk ƙungiyar da ke da majefi na kirki, ita ce da gari. Da rani ake wasan. In damina ta sauka fili ya zama taɓo, 'yan wasa su huta, masu ƙungiyoyi kuma su buɗe kasuwar hannuwa. Su dai ba haka suke kiranta ba, gyaran gida suke cewa.

Manyan ƙungiyoyin biyu ne: ta Fadama, wadda Dorina ke riƙe da ita, da ta Tudu, wadda ke hannun Gadu. Shekara bakwai Dorina ba ta ɗauki kofi ba, shekara bakwai kuma Gadu na aiko mata da gaisuwar jaje, har da goro.

Da ruwan farko Shamuwa ta sauka. Ita ce dillaliya, tunda ita ke ƙetare teku ta ga abin da wasu ba su gani ba. Ta tara masu ƙungiyoyi ta ce, "Can gabas, inda rana ke fitowa, akwai tsibiri. A can na ga wani ɗan biri mai jar fuska, Jiro sunansa. In ya saki jifa, za ka gan ta tafe sak kamar kibiya, sai ka kai kulki ta faɗa ƙasa kamar an tura ta rijiya. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawo, ba ya gardama. Kuma ga abin da ya fi: a al'adarsu, ɗan wasa ba ya ce wa uban gidansa a'a, ba ya kuma cewa wayyo. Ko hannunsa na ci da wuta, rusunawa zai yi ya ɗauki ƙwallo."

Dorina ta ce, "Maimaita wannan ta ƙarshen."

Shamuwa ta maimaita.

Daga ranar hankali ya bar dajin. Majefan gida, waɗanda suka yi rani suna zubar da gumi, babu mai ko amsa musu sallama. Aka yi ta aika jakadu tsibiri, kwale-kwale na bin kwale-kwale. Gadu ya ji cewa biran can suna wanka a ruwan zafi, ya sa aka haƙa tafki a kan Tudu, inda ruwan sha ma sai an yi tafiyar yini, aka ɗora wa jakai goma aikin hura wuta. Dorina ta ji cewa rusunawa suke yi in za su gaisa, ta ɗauki mai koya mata. Ranar farko ta kife da ka cikin taɓo, sai da ɓauna shida suka taru aka tashe ta. Ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ko kulki biyu ba su mallaka ba, su ma suka aika da nasu jakadun, don dai a ce da su aka yi.

Da aka kawo Jiro, majalisar wasa ta zauna gindin kuka, Kunkuru na shugabanta. Kowa ya baje abin da zai bayar. Gadu ya ce gonar ayaba, Dorina ta ce gona biyu da kwarin gyaɗa, Gadu ya ƙara, Dorina ta ninka. Ɗan birin yana tsaye, hannuwa a cinya, har suka gaji. Sannan ya rusuna ya yi magana.

"Iyayena, na gode. Cikina ɗaya ne, gona ɗaya ma ta yi mini yawa. Abu guda nake roƙo. A tsibirinmu majefi yana jifa rana ɗaya, ya huta kwana shida. Haka aka rene ni, haka jijiyata ta saba. Ƙwallonmu kuma bai kai goribarku nauyi ba, ba shi da santsinta. Jifar da kuka ji labari, yatsu biyu nake warewa in matse, kuma kowace ɗaya daga gwiwar hannu take cin abincinta. Ni ba zan iya ce wa wanda ya ɗauke ni a'a ba, ba a koya mini ba. Shi ya sa nake roƙo tun yanzu, a gaban manya: wanda zai ɗauke ni, ya riƙe mini kwana shidan nan, don ni ba zan iya riƙe wa kaina ba."

Dorina ta share hawaye. Ta ce, "Ɗana, kwana shida kawai? In ka ce goma, goma ne. Shugaba, a shaida. Wanda ya taɓa hutun yaron nan, ni ya taɓa."

Kunkuru ya ce an shaida.

A bakin taron akwai wani tsohon gwaggon biri, Bika. Shi ne majefin Fadama a zamaninsa. Yanzu hannunsa na dama a lanƙwashe yake kamar lauje, aikinsa shafa wa majefa man kaɗe da hagu. Ya ce, "Shugaba, ina da magana."

Kunkuru ya ce, "Ba ka cikin masu magana, amma yi gajeruwa."

"Gajeruwa ce. Dorina, ranki ya daɗe, ni ma a gindin kukar nan kika kira ni ɗanki. Ku dubi hannuna. Ni da na iya cewa a'a, na iya zagi, na iya guduwa kan bishiya, ga yadda na ƙare. To, ina ga wanda ya faɗa muku da bakinsa cewa ba shi da ƙofa? Ku rubuta kwana shidan nan a dokar wasa, a ce duk wanda ya karya a ƙwace kofinsa. In ba haka ba, kun ba kura ajiyar nama ne kun ce a shaida."

Gadu ya yi dariya ya ce, "Tsoho, hassada ga mai rabo taki ce." A kan wannan kaɗai shi da Dorina suka taɓa yarda da juna. Majalisa ta ce tsakanin masu mutunci baki ya isa. Dorina ta tafi da Jiro, Gadu ya tafi da tafkinsa.

Rani ya zo, Shamuwa ta karɓi la'adarta ta tashi. Jiro ya fara jifa, kuma wallahi ba a yi ƙarya ba. Manyan masu kulki suka riƙa dukan iska suna juyawa kamar an kaɗa su. Ranar da zai yi jifa fili ba masaka tsinke; ranar da yake hutu, sai 'yan kallo su tsaya gida. Dorina ta lura da wannan kafin kowa.

Wata biyu ta riƙe alkawari. Sannan ta kira shi ta ce, "Ɗana, ba dole. Amma jibi baƙi za su zo daga nesa don su gan ka. Kwana biyar da kwana shida, ai duk mako ne." Jiro ya rusuna. Daga biyar aka koma huɗu, saboda ƙungiyar Tudu ta matso kusa a yawan ci. Ba ta taɓa ba shi umarni ba, wannan gaskiya ne. Tambaya take yi, ta kuma san amsar tun damina.

Bika ne ke shafa masa mai. Wata safiya ya taɓa gwiwar hannun ya ji ta da zafi kamar dutsen murhu. Ya ce, "Yaro, wannan ba gajiya ba ce. Buɗe baki ka ce mata a'a. Harafi nawa ne?"

Jiro ya ce, "Baba, in na faɗa, ba ni kaɗai za a zaga ba. Za a ce 'yan tsibiri ragwaye ne, a rufe wa na bayana ƙofa. Kai ka faɗa mata."

Bika ya je. Dorina tana kwance cikin ruwa, hanci kaɗai a waje. Ta ce, "Shi ya ce maka ba zai iya ba?"

"Kin san ba zai ce ba."

"To, kai ne hannun? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Koma ga man kaɗenka."

Wasan ƙarshe ya zo tsakanin Fadama da Tudu, karo uku, mai biyu ya ɗauki kofi. Jiro ya jefa na farko suka ci. Majefin gida ya jefa na biyu aka cinye su. Na uku ya faɗo kwana biyu bayan na farko. Dorina ta taka da kanta har inda Jiro yake zaune, gaban jama'a, ta rusuna masa, don yanzu ta iya. Ta ce, "Ɗana, shekara bakwai. Ba dole."

Ya tashi ya ɗauki goriba.

Ya yi jifa ɗari da ashirin ranar. Tun daga ta tamanin fuskar nan ja ta koma toka, kowa na gani. A ta ƙarshe, mai kulkin Tudu ya doki iska, fili ya ɗauki sowa, kuma sowar ce ta hana a ji ƙarar. Bika kaɗai ya ji, don ya san ta: ƙas, kamar an tsinka tsirkiya. Jiro ya rusuna wa 'yan kallo, ya rusuna wa Dorina, hannun na lilo a gefensa.

Majalisa ta zauna bincike, kwana uku ana cin gyaɗa. Dorina ta ce ita ba ta taɓa tilasta shi ba, aka tambayi Jiro, ya ce haka ne. Gadu ya ce shi tun farko ya ga hannun bai yi masa kama da mai ƙarko ba. Kunkuru ya yanke cewa jijiyar 'yan tsibiri siririya ce, saboda haka majalisa na ba da shawara duk mai saye ya riƙa sayen biyu. Aka kuma sallami Bika daga aiki, bisa laifin ƙarancin mai.

Da ruwan farko Shamuwa ta dawo da labarin wasu majefa uku, kwale-kwale suka sake tashi. Gadu ya sa an yashe tafkinsa.

Gonakin ayabar suna nan, babu wanda ya ƙwace wa Jiro, sai dai birin da ba ya iya ɗaga hannu ba ya hawa. Jira yake iska ta kaɗo. Yana zaune gindin kuka shi da Bika, tsohon na ɓare masa da hagu. In Dorina ta wuce da kofinta takan tsaya ta ce, "Ɗana, ya jiki?" shi kuma ya tashi ya rusuna.

Ita dai ta cika alkawarinta. Tun daga ranar babu wanda ya sake taɓa masa kwana shidansa.