Kyauron da Na Sayo wa Kawu Arzika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da kyauron da na sayo a kasuwar Argungu. Shekaru sun tura, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai sai in rasa wanda zan fara jin haushi.

Lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina aiki a gidan rediyo, ina gabatar da wani shiri kan sana'o'in gargajiya. Na yi hira da maƙera, da masunta, da majema, da maharba. Cutar da wannan aiki ke sa wa mutum ita ce, in ka zauna gaban masani rabin sa'a kana gyaɗa kai, sai ka tashi kana jin kai ma ka sani. (Ni tawa cutar ta yi nisa, har gyara nake yi wa mutane a sana'ar da suka gada.)

Na zo hutu gida, unguwar Badariya a Birnin Kebbi, sai ga saƙo daga Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata, tsohon maharbi a Gulma. Gyado, wato aladen daji, sun addabi shinkafar fadama, shi ya sa Sarkin Baka, shugaban maharba, ya sa ranar Asabar a fita musu. Kawu yana da ƙarafan kibiya masu kyau, amma kyauro ya ƙare masa, wato karan da ake ɗaura ƙarfen a kai. Ba shi da halin barin gona ko na wuni guda. Saƙon a fili yake: in biya ta Argungu, in nemi wani tsoho da ke zama kusa da maƙera, in sayo dami ɗaya wanda ya sha hayaƙi. Ya haɗo da kuɗinsa.

Na sami tsohon. Kyauronsa ja-ja ne, ya dushe, yana warin murhu, kamar abin da aka zaro daga rufin madafi. Da ya faɗi farashi sai na yi dariya.

"Baba, kara ne fa. Ciyawa ce da Allah ya fitar a bakin gulbi."

Ko kallona bai yi ba. "Awo. Tahi bakin gulbin ka yanko."

"To, rage mini wani abu."

"Wanga tun bara anka yanke shi, shekara guda shina rataye bisa hayaƙi. Mi zan rage maka, watannin?"

Na tashi a fusace, ina cewa a raina haka ake cutar talakawa. Ban yi taku goma ba wani mutum ya kira ni. Nasa kyauron fari tas, santsi, a miƙe kamar an ja shi da zare. Ya ce dami biyu zai ba ni a ƙasa da kuɗin ɗaya na tsoho. Sannan ya karkata kai ya ce, "Tsaya, ba kai ne muke ji a rediyo ba?" Nan ya gama da ni. Na ɗauki kara ɗaya, na rufe ido guda na leƙa tsawonsa, yadda na taɓa ganin wani maharbi ya yi. Ban san cewa bayan leƙen suna lanƙwasa shi su ga ko zai koma daidai ba, su danna shi da farce, su duba kusancin gaɓoɓinsa. Ni leƙen kawai na gani, shi na kwaikwaya. Na ɗaure dami biyu a bayan babur na kama hanyar Gulma ina jin kamar na ceto dangi.

Na iske Kawu a ƙofar gida bayan la'asar ranar Juma'a. Ya zaro guda, ya danna da farce, ya shinshina.

"Wurin tsohon ka samo wanga?"

Maimakon in ce a'a in yi shiru, sai na buɗe shiri. Na ce, "Kawu, an daɗe ana cutarku. Kara kara ne. Hayaƙin nan dabara ce kawai ta tsawwala kuɗi." Na yi ta zuba, da misalai, da ƙarin bayani, da kammalawa. Ya saurara har na ƙare, ya ce, "Madalla." Sai ya ɗauko ƙarfe ɗaya ya soka, ya naɗe da jijiya, ya yi wa gindin 'yar tsagar da tsarkiyar baka ke zama. Guda ɗaya tak ya haɗa. Na ɗauka sauran sai ya huta.

Da safe maharba suka taru gindin wata tsamiya a bakin fadama, da karnukansu da layunsu. Ni kuwa na sha babbar riga ta shadda, tunda baƙo ne daga birni. Kafin a shafa wa kibau dafi, kowa kan gwada sababbinsa a jikin wani kututturen giginya. Kawu ya iso da kwari wayam, kibiya ɗaya a hannu.

Sarkin Baka ya dube shi. "Arzika, ina kibanka?"

"Ranka shi daɗe, ɗana ya sayo min kyauro, dami biyu. Ya ce an daɗe ana cutarmu. Bari shi yi muku bayani."

Mai hankali zai ji ƙanshin tarko a nan. Ni gyara murya na yi. Na sake maimaita musu karatun jiya, da irin Hausar da nake karanta labarai da ita, har ina ɗaga yatsa. Maharba suka yi tsit. (Na ɗauka tsit na girmamawa ne. Irin tsit ɗin da suke yi ne in nama ya doso.)

Da na ƙare Sarkin Baka ya ce, "To, mun ji. Mu al'adarmu, wanda ya zaɓo kyauro shi ka hwara harbi da shi. Ba shi baka."

Ban taɓa jan baka ba a rayuwata. Amma na riga na yi wa'azi, ba damar ja da baya. Na karɓa, na ɗora gindin kibiya a kan tsarkiya, na ja. Bakan Kawu kamar ana jan reshen bagaruwa. Na cije, na kai shi inda zan iya, na saki.

Ƙas!

Ashe farin kyauron nan ɗanye aka yanke shi aka shanya a rana, cikinsa totuwa ce zalla. Tsarkiya ta tsaga shi tun daga gindi har tsakiya, ta zarce ta tsula mini a wuyan hannu. Guntun da ke ɗauke da ƙarfen ya wuntsila ƙasa, ya huda gefen rigata, ya kafe a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na yi ihu na zabura baya, riga ta riƙe ni, na zauna daɓas cikin laka. Na yunƙura in tashi, ta sake mayar da ni. Ƙarfen mai kunnuwa ne, ba ya fita ta inda ya shiga.

Sai dariya ta ɓarke. Har karnuka suka kama haushi. Wani maharbi mai suna Bawa, wanda suka yi shekara da shekaru suna gasa da Kawu, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ya harbo riga! A kawo wuƙa a yanka kahin ta mutu!" Wani ya ce a ba shi cinya in an feɗe. Sarkin Baka da kansa sai da ya dafa tsamiya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawu ya zo ya tsuguna, ya zaro wuƙa ya yanke shaddar da ke kewaye da ƙarfen, ya goge shi a hannun rigarsa.

Na ce a hankali, raina a ɓace, "Kawu, tunda ka gane tun jiya, me ya hana ka faɗa mini?"

"Na so in hwaɗa maka. Ba ka yi shiru ba."

Daga nan ya miƙe ya yi abin da har yau ya fi faɗuwar nan yi mini ciwo. Ya taka har gaban Bawa, tsoho da furfurarsa, ya roƙi aron kibau. Bawa ya zaro uku, yana miƙa su ɗaya bayan ɗaya yadda kowa zai gani, yana cewa, "Riƙe da kyau, Arzika, waɗannan ba na rediyo ba ne."

Ban bi su daji ba. Na koma gida da huda a riga da laka a baya, ina zagin mai farin kyauro, ina jin haushin Kawu da ya bar ni na kai kaina mahauta. Kafin azahar haushin ya gama zagaye ya dawo kan mai shi.

Da yamma aka dawo da labari. An kashe babban gyadon da ya fi ɓarna, kuma Kawu ne ya harbe shi. Amma a ƙa'idar maharba, sunan mai kibiya ake kira, ba na wanda ya ja baka ba. Saboda haka kirarin Bawa aka yi ta yi har cikin gari, Kawu na biye a baya da bakansa a kafaɗa. Bai sake yi mini magana ba sai da aka casa shinkafa. Damin nan biyu kuwa matarsa ta yi wa kaji akurki da su, kuma an ce ko shi bai kai damina ba.

Abin da na koya bai da yawa. In an aike ka sayen abin da ba ka iya aiki da shi ba, sayo abin da aka ce, ka miƙa, ka kama bakinka. In kuwa dole sai ka nuna wayo, to, ka bar babbar riga a gida.