Ƙwanƙwasa Uku a Waƙa ta Bakwai

Allah ya raba baiwa ga bayinsa, amma da aka zo kan mai yanka na shagon ɗinkin nan na bakin titi, sai aka juye masa ƙwaryar gaba ɗaya. Ba almakashinsa nake nufi ba. Wannan kam in ya yanka wando, sai ƙafa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da yatsa biyu. Kunnensa nake nufi. Shi ya sa abokan aikinsa suka naɗa shi Shehin Kunne, shi kuwa bai taɓa jin ƙanshin zolaya a cikin sunan ba. In an kira shi, yakan ɗan sunkuyar da kai, irin na mutumin da yabo ya yi wa nauyi amma ba yadda zai yi da gaskiya.

Kekunan ɗinki huɗu ne a shagon, da teburin yanka, da teburin guga, sai lasifika guda a kan kanta tsakanin kurtun zare. Rimot ɗin lasifikar yana zaune a aljihun gaban rigar Shehi, tare da allin zane, kuma shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi sai shi. Abin da ake ji kuwa ɗaya ne: albam mai waƙa tara na wani mawaƙi da Shehi ba ya kiran sunansa don girmamawa, sai dai ya ce Marigayi. Daga wani tsohon kaset nasa ya sa aka kwashe waƙoƙin zuwa memori, yana tsaye a kan mai kwashewar kada a kuskura a sa ta uku gaban ta biyu. Kullum daga ta ɗaya ake farawa, a tafi a jere har ta tara, a koma. In ka yi tari a tsakiyar ta huɗu, to ka ja wa kowa, don daga farko za a sake.

A jikin rimot ɗin akwai wani maɓalli da ke cakuɗa waƙoƙi, kowace ta faɗo yadda ta ga dama. Shehi ya liƙe shi da filasta.

"Wanda ya cakuɗa albam," in ji shi, almakashi a sama, "daidai yake da wanda ya ɗinka hannun riga a wuya. Marigayi ba tara waƙoƙi ya yi ba, rayuwa ya jera. Ta ɗaya haihuwa ce. Ta uku ƙuruciya. Ta biyar soyayya. Ta bakwai kuwa, ku da kunnuwanku na ado ne ba za ku gane ba. A tsakiyarta akwai ƙwanƙwasa uku, sannan shiru. Mutuwa ce ta buga ƙofa."

Duk lokacin da aka iso wurin, yakan ɗaga hannu, kekuna su tsaya cak. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Shehi ya lumshe ido. Har ƙwalla an taɓa gani.

Mai Guga, wanda furfura ta fito masa a ƙarƙashin wannan lasifika, shi ne ya fara gajiya. Ya ce shi agogo ma ya daina dubawa: in ya ji haihuwa ya san an buɗe shago, in mutuwa ta buga ƙofa karo na huɗu ya san lokacin cin abinci ya yi. Ba ƙin waƙoƙin yake ba, so yake ko sau ɗaya kafin ya bar duniya wata ta zo masa ba zato. Ya kai kuka wurin Uwar Shago, ita kuma da ma ta ƙoshi. Ta yanke hukunci a taƙaice: Shehi ya kawo shaida cewa jerin nan na Marigayi ne da gangan, in ya kasa, rimot ya koma teburin guga a ɓare filastar.

Da wani ne ya ji haka, da ya tsorata. Shehi murna ya yi. Da ma akwai wani tsoho da ya kawo wando a rage masa ƙugu, wanda aka ce shi ya yi wa Marigayi kiɗan ganga shekara da shekaru. Shehi da kansa ya aika masa cewa ya zo ranar Asabar ya karɓi wandonsa. Ya kuma ce wa matarsa ta kawo abincin rana da kanta, don ta ga yadda ake kunyata jahilci. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka.

Ranar Asabar Shehi ya sha guga, ya goge lasifika da ƙyalle, ya ba tsohon makaɗi kujerarsa ta kansa. Ya yi gabatarwa ta kusan rabin awa, inda ya nuna cewa a duniyar nan mutum biyu ne suka fahimci Marigayi, kuma ɗayan ya rasu. Sannan ya danna.

Haihuwa ta fara. Tsoho ya yi murmushi, yatsunsa na bin kiɗa a kan gwiwa, ya ce wannan ai ita ce ta rufe albam ɗin. Shehi ya yi dariyar manya, ya ce tsufa kan rikita lissafi. Aka je ƙuruciya, tsoho ya ce ita ce ta shida. Aka je soyayya, wadda Shehi ya sha cewa a nan ne muryar Marigayi ta kai ƙololuwa. Tsoho ya karkata kunne, ya ce wannan ba Marigayi ba ne, ƙaninsa ne, kuma su biyun har suka rabu ba sa ga maciji. Mai Guga ya duƙufa kan wata riga da ya riga ya goge sau biyu, kafaɗunsa na rawa.

Gumi ya fara tsattsafo wa Shehi, amma bai karaya ba, don yana da sauran harsashi. Ta bakwai ta zo. Ya ɗaga hannu, kekuna suka tsaya. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Shiru.

"To, Baba, wannan fa? A gaban jama'a, faɗa musu abin da Marigayi yake nufi."

Tsoho ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya girgiza kai, ya ce shi dai ganga ya kaɗa, kuma a ranar da aka ɗauki waƙar nan ba wanda ya buga ƙofa.

Nan ne matar Shehi, wadda tun waƙa ta huɗu take tsaye bakin ƙofa da kwanon abinci, ta yi gyaran murya. Mace ce mai haƙuri, shekara ashirin da shida tana jin wannan karatu a gida da waje. Ta ce kaset ɗin ai ita ta ba shi lokacin yana zuwa zance. Ba saya ta yi ba. Rakodar yayanta take ajiyewa a gaban rediyo, duk ranar da aka sako waƙar da ta yi mata daɗi sai ta danna, wata uku tana tarawa. Wadda ta fara zuwa ita ce ta ɗaya.

"Ƙwanƙwasar fa?" in ji Shehi.

"Baban yara, mahaifina ne. Yana barcin rana na cika masa kunne, ya buga ƙofa. Shirun kuma ni ce na rage murya."

Ya tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce ta gwada sau biyu, duk biyun ya ɗaga mata hannu saboda ana cikin waƙa.

Uwar Shago ta miƙa tafin hannu. Shehi ya zaro rimot a hankali, alli ya biyo shi ya faɗi ƙasa ya karye. Mai Guga ya sa farce ya ɓare filastar, ya danna maɓallin da bismilla. Na'ura kuwa da ba ta san girman kowa ba, cikin waƙa tara ta rasa wadda za ta zaɓo sai ta bakwai.

Wannan karon ba keken da ya tsaya. Da aka iso ƙwanƙwasar, Mai Guga ya ɗaga kai daga kan dutsen guga ya ce a shigo.

Mutuwar da Shehi ya yi shekara ashirin da shida yana zubar wa ƙwalla tana nan da ranta, ta haura tamanin, kuma har yau ba ta son a dame ta da rediyo. Duk Juma'a Shehi yakan je gidan surukinsa ya durƙusa ya gaishe ta.