Ranar da Koyil Ya Mayar wa Injiniya-Janar Martani

A duk layin masu gyaran fanka babu kamar Injiniya-Janar. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada a wahalar da jama'a. Farar rigar aikinsa ba ta taɓa ganin maiƙo ba. Kawunsa, wanda ya koya masa naɗin waya, shi ke yin gyaran, shi kuma yana yi wa masu kaya bayani.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar masu gyara ya matso, sai Injiniya-Janar ya tsaya takara, ya tara 'yan ƙungiya a shago don su ga ilimi da idonsu. Ya ɗora wani ƙaton koyil a kan tebur, naɗin jar waya a jikin ƙarfe, ya jona shi da batirin babur.

"Wuta ta san manya," in ji shi. "Zan riƙe bakin wayoyin koyil ɗin nan da hannuna. Kawu, in na ce cire, ka cire batirin."

Kawu ya ɗago kai daga fankar da yake kwancewa. "Ɗana, batirin ba komai ba ne. Koyil ne ba ya son a yanke masa wuta farat ɗaya. Ya tara maganaɗisu a cikinsa. Ana yankewa sai ya haifi tasa wutar, ta ninka ta batirin nesa ba kusa ba, ta bi duk hanyar da ta samu. Yau kuwa kai ne hanyar."

Injiniya-Janar ya yi murmushin tausayi. Abin da aka raba da batiri, ina zai samo wuta? "Ku yi wa tsoho uzuri, zamaninsu ya wuce. Cire."

Kawu ya cire.

Har yau ana gardama kan tsayin tsallen da Injiniya-Janar ya yi da wutar ta fizge shi. Abin da babu gardama a kai shi ne ya kira mahaifiyarsa sau uku kafin ya sauka cikin kwandon tsofaffin farfela.

Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce ai da ma haka ya tsara. Nan take ya rubuta wa koyil takardar tuhuma kan rashin ɗa'a, ya karanta masa a gaban shaidu. Da ya ga ya ƙi ba da haƙuri, sai ya dakatar da shi mako biyu, ya kulle shi a kabad.

Ranar zaɓe ya samu ƙuri'a biyu: tasa, da ta Kawu saboda zumunci. Koyil kuwa, yana tsare, ko kamfen bai yi ba, ya samu goma sha tara.