Na'urar da Aka Hana Ta Tuna Mutane

Jama'a, ku taya ni murna, sannan mai sabulu ya taya ni wanki. Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce na shiga imel ɗina. Na san wani a birni zai taɓe baki ya ce wannan har labari ne? To, ni daga Badafi na taso, cikin ruwan safe, a bayan babur ɗin Gwadabe ɗan acaɓa, kuma kafin mu hau kwalta taɓo ya yi mini lalle har gwiwa. Saboda haka ku gyara zama.

Tun bara na nemi aikin malamar gona, irin waɗanda ke bi gona-gona suna nuna wa manoma yadda za su yi da tsutsar masara da lokacin zuba taki. Abin da na karanta ke nan, kuma ban karanta shi da wasa ba. Ranar Laraba da yamma sai ga gajeren saƙo a 'yar ƙaramar wayata mai tocila: ina cikin waɗanda za a yi wa tambayoyi, sauran bayani yana imel, in shiga in tabbatar zan zo kafin la'asar ɗin Alhamis. Wanda bai tabbatar ba, za a ba wani gurbinsa. Ni kuwa na san wannan “wani”. Duk mun san shi. Ba ya bin layi, rana ba ta dukansa, amma kullum yana tsaye a bayan ƙofa da hula a karkace, yana jiran 'yar talaka ta makara.

Babbar wayata tun watan jiya ta faɗa tukunyar da muke turara shinkafa, ta dahu tare da ita. Maƙwabciyarmu Gwaggo Turai ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke 'yar nan, ki ari ta Mujitaba mana.”

Na ce, “Gwaggo, in zuba kalmar sirrina a wayar ɗanki? Abin da ya shiga wayar nan da hantsi, kafin azahar ana karanta shi a teburin mai shayi.”

Ta ce, “Wannan kam gaskiya ne, ni na haife shi. To ina za ki?”

“Cibiyar kwamfutar da aka gina mana.”

Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. “Wadda aka yi rabon lemo? Ni dai na ci shinkafar buɗe ta. Tun daga ranar ban ƙara jin wanda ya ci wani abu a can ba.”

Cibiyar tana wani gari tsakanin Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada. Ba zan faɗi sunan garin ba, ina da dangi a can. Ɗan siyasar yankinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Alkawura, wanda ba ya ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce bai yanka ba, shi ya buɗe ta, da maroƙa da masu hoto, ya ce daga yau ɗan ƙauye da ɗan birni sun zama ɗaya. Kuma a faɗi gaskiya, gini ya yi kyau. Hasken rana na ba da wuta, fanka na juyawa, netwok cike. Kwamfutoci a jere, kujeru har yau ba a cire musu leda ba. Abu guda kawai na rasa a ciki: mutane. Daga shugaban wurin, Malam Balarabe, sai wata lambar yabo a bango, cikin gilashi, mai cewa wannan ce cibiyar da ta fi kowace tsaro.

Na durƙusa na gaishe shi, don boko bai cire mini tarbiyya ba. Ya tambayi ruwa, na ce ya yi gyara. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi tayil ɗinsa, ya nuna mini kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

Na rubuta adireshina, na rubuta kalmar sirri, na danna. Allon ya ɗan yi fari kamar zai buɗe, sai ya dawo da ni inda na fito, yana tambayata wace ce ni. Na sake. Ya sake tambayata. Na sake a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya sake dubana kamar bai taɓa ganina ba.

Malam Balarabe bai ko ɗago daga jaridarsa ba. “Kin manta kalmar sirri, Malama. Haka kuke yi. Duk wanda ya zo nan sai ya manta.”

“Duk wanda ya zo, Yallaɓai?”

“Kaf. Mutanen yankin nan akwai mantuwa.”

Ni? Ni da na haddace sunayen ƙwarin gona da harshen da ko masu shi sun daina magana da shi? Na haɗiye maganar, na koma wata kwamfutar. Haka. Na buɗe wata burauzar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Haka. Na duba kwanan wata a ƙasan allo, don wani lokaci shi ke rikita shafi, na ga daidai yake. Sai wata dabara ta faɗo mini: na rubuta kalmar sirrin ƙarya da gangan. Nan take jan rubutu ya fito, wai kalmar ba daidai ba ce. Na mayar da ta gaskiya. Babu jan rubutu, babu faɗa, sai dai a mayar da ni bakin ƙofa shiru.

Ashe ke nan ana karɓar kalmata. Ana gane ni, a buɗe mini, kafin in ɗaga ƙafa an manta da ni.

Na shiga wajen saitin burauzar, na ga abin da nake zargi. An toshe abin da ake kira kukis gaba ɗaya, an kuma kulle saitin, sai da kalmar sirrin shugaba. Ga wanda bai sani ba, kun san mai ajiyar babura a bakin kasuwar Ƙafin Maiyaki? Ka ba shi babur, ya ba ka ɗan guntun katako mai lamba, in ka dawo da shi zai gane ka. To kukis shi ne wannan ɗan katakon. Shafin imel ya miƙo maka, burauza ta riƙe maka. A nan kuwa an ɗaure wa burauza hannu. A miƙo, ya faɗi ƙasa. A sake miƙowa, ya sake faɗuwa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba mu ne masu mantuwa ba. Na'urarku ce aka hana ta riƙe shaida. Ka buɗe mini nan kawai.”

Ya ninke jarida, ya taso da sauri kamar na ce zan kunna wa ginin wuta. “Kul! Kada ki taɓa nan. Umarni ne daga sama.”

Daidai nan Gwadabe, wanda ya fake wa yayyafi a baranda, ya turo kai. “Yallaɓai, in ba ta labarin ko za ka ba ta?”

“Gwadabe, fita.”

Bai fita ba. Ya ce, “Anti Nusaiba, ranar buɗe wurin nan Mai Girma ya zauna a waccan kujerar, ya shiga imel ɗinsa don a ɗauke shi hoto yana danne-danne. Aka ce abinci ya iso, ya tashi bai fita daga ciki ba. Washegari duk wanda ya zauna sai ya tarar da akwatin Mai Girma a buɗe. Kafin Juma'a, har masu kiwo a bakin Falgore sun san abin da ya rubuta wa ɗan kwangila kan kujerun nan.”

Malam Balarabe ya share goshi. “Shi ya sa umarni ya zo. Aka ce kada na'urar nan ta ƙara tuna kowa. Aka turo ƙwararre daga birni, ya toshe, ya tafi. Kuma ki duba,” ya nuna bango da alfahari, “tun daga ranar ba a saci sirrin mutum ko ɗaya ba a nan.”

Jama'a, ku yi adalci, wannan ba basira ba ce? An kare mu daga ɓarayi ta hanyar hana mu shiga gidajenmu. Da za a ɗauki wannan tsari a asibiti, da an wayi gari babu majiyyacin da ya taɓa mutuwa a kan gado.

Na roƙe shi ya kira sama. Ya kira, a tsaye, har da cire hula. Wanda ya ɗauka ba Mai Girma ba ne, mai riƙe wa mai riƙe masa jaka ne. Ya ce ƙorafi ya iso inda ya dace, za a kafa kwamiti ya duba, a gaya wa yarinyar ta ƙara haƙuri.

Haƙuri! Ni za a koya wa? Na yi haƙurin yajin aiki har ƙannena suka kusa cim mini a aji. Na yi haƙurin sakamakon da aka ce ɓera ya ci. Na yi karatu da tocila a baki, na je jarrabawa a bayan motar rake. Haƙurina ya yi digiri kafin ni. Abin da ban iya ba shi ne in tashi in bar wa mai karkatacciyar hula gurbina.

Aka kira azahar. Malam Balarabe ya karkaɗa makullai ya ce zai rufe, in dawo wani satin.

Na ce, “Yallaɓai, je ka yi salla, Allah ya karɓa. Ni a nan zan yi tawa. In ka ga dama ka kulle ni ciki, sai a ƙara maka lambar yabo, cibiyar da ta fara samun mai kwana.”

Ya dube ni, ya dubi Gwadabe. Gwadabe ya ce, “Ni na ɗauko ta, na san hali. A hanya da muka faɗa rami, ita ta ɗaga babur ɗin.”

Suka tafi masallaci, ƙofa a buɗe. Na yi alwala da ruwan indararo, na shimfiɗa mayafina a lungu na yi salla. Na ci gyaɗar da Gwaggo Turai ta ƙulle mini, na koma na zuba wa saitin nan ido. Inuwa ta fara juyawa a baranda. A nan na lura da zaɓi na tsakiya, wanda ƙwararren birni ya tsallake saboda sauri: a bar burauza ta riƙe shaida muddin mutum na zaune, da ya rufe ta kuma ta goge komai.

Da Malam Balarabe ya dawo, na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, ba na so ka saɓa umarni. So nake ka cika shi yadda manya ke yi. Ga wani tsari nan: na'ura za ta san ni, ta yi mini maraba, ta biya mini buƙata muddin ina gabanta. Da na juya baya, ta manta da ni sarai, ko a hanya muka haɗu.”

Ya shafa gemu. Can ya ce, “Wato kamar lokacin zaɓe?”

“Sak, Yallaɓai.”

Fuskarsa ta washe. “Af! Ai wannan tsarin an san shi a sama. Ba wanda zai ce baƙon abu na kawo.”

Ya sa Gwadabe ya juya baya, ya sa ni rufe ido, ya zuba kalmar sirrin shugaba da yatsa ɗaya. Na canza saitin, na sabunta shafin, na rubuta adireshi da kalmata. Allon ya yi fari. Na ƙura masa ido. Sai ga akwatina, ga saƙon a sama, ga sunana, Nusaiba Lawal, an rubuta shi daidai. Na danna wajen tabbatarwa, aka amsa mini cewa an ajiye mini gurbina. Ladan bai ko fara gyaran muryar kiran la'asar ba. Ban yi guɗa ba, saboda ni mai aji ce, amma ledar kujerar nan ta ji a jikinta.

Na fita daga imel ɗin da hannuna, tunda ni ba a kira ni cin abinci ba, na rufe burauza, na sake buɗewa don ya gani. Babu ni, babu alamata. Malam Balarabe ya gyaɗa kai, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. “Malama, ɗan matsa in duba nawa.”

Gwadabe ya dafe kai. “Shi ke nan, Anti, kin kashe mini ciniki! Duk mako ni nake kai shi Tudun Wada ya buɗe imel ɗinsa a shagon wani.”

Da za mu tafi, Malam Balarabe ya rako ni har baranda, ya roƙe ni kada in yayata, don in mutane suka fara cika wurin, lambar yabonsa na cikin haɗari. Na yi masa alkawari ba zan faɗi sunan garin ba, kuma kun ga na cika. Sai dai Gwaggo Turai na gaya wa, ita kuma ta gaya wa Mujitaba.

Tambayoyin aiki suna nan tafe, kuma na shirya. In na isa aka dube ni aka ce ba a san da ni ba, na riga na koyi magani: ba na tashi daga kujera.

Shi kuwa Mai Girma Sarkin Almakashi, na ji an ce ya fara wasa almakashinsa, zai zagayo neman ƙuri'a. Yana zuwa zan durƙusa in gaishe shi, in saurari alkawuransa, in riƙe sunansa tsaf muddin yana gabana. Da ya juya baya kuma, Allah ya ba shi haƙuri. Ni ma na gyara saitina.