Rasuwar Butar Shayin Mode ta Bakin Titin Lambara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mode mai shayi, na bakin titin Lambara, nake sanar da 'yan uwa da direbobin hanyar Shagari rasuwar butata, wadda ta cika ranar Talata bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta zo hannuna daga kasuwar Bodinga tun kafin a dawo da siyasa. Ita ke ciyar da gidana. Ba ta taɓa yoyo ba, ba ta taɓa ƙin wuta ba ko da icen ɗanye ne. Duk wanda ya yi sammako ya san muryarta, fiiii, sannan murfi ya amsa, kaf-kaf-kaf.

Ciwonta ya soma ne bara, da aka haƙa mana burtsatse gab da zaɓe. Don murna, dattawanmu masu hangen nesa suka sa aka cike tsohuwar rijiya da ƙasa, ana kiɗa. Ruwan famfon yakan fito garau, in ya zauna kaɗan sai ya koma ja, yana ƙarnin tsatsa. Da ya haɗu da ganyen shayi sai ya zama tawada, in an zuba madara ya koma toka. Madarar ma yanzu sai an yi layi a Sakkwato. Malamin asibiti ya ce ƙarfe ne a cikin ƙasar, da wani baƙin ɗan'uwansa manganis. Cikin marigayiya ya yi baƙin ɓawo, bakinta ya toshe, fiiii ya koma hurrr. Masu shan shayina suka zame ɗaya-ɗaya zuwa teburin Daso, wanda jakinsa ke ɗauko masa ruwan rijiya daga Mandera. Wasunsu ko sallama sun daina yi mini.

Ana haka surukina Lirwanu, mai cajin batir, wanda bai taɓa gyara abu ya tashi ba, ya ce shi likita ne. Ya tsiyaya mata ruwan batir don ya cinye ɓawon. Ya cinye kuwa, har da gindin. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsss.

Ta bar kofuna da suka yi jan baki, da rariya, da benci wanda awaki kaɗai ke hawa yanzu, da 'ya'yana masu ci da yawa. Lirwanu kuma yana nan lafiya lau, abin da ya fi komai ƙona mini rai.

Ba za a yi mata wanka ba, don ruwan da muke da shi shi ya kashe ta. Ranar kasuwa Lirwanu zai ɗauki gawar a ka, a ƙasa, har rumfar maƙera a Bodinga, kuma ina roƙon direbobi kada wanda ya rage masa hanya.

Zaman makoki a teburin Daso ne, inda na soma wankin kofuna tun jiya. Tsofaffin abokan cinikina ba sai sun wahala wurin nemana ba. In kun gama sha, ku miƙo kofin, sannan ku yi mini gaisuwa.