Kek ɗin Amarya da Ƙamus-da-Ƙafa

"Kalmar da za ta gagare ni a Turanci, Bature bai ƙirƙiro ta ba tukuna!"

Haka mutuminmu ke cewa kullum yana gyara tabarau, shi ya sa muke kiransa Ƙamus-da-Ƙafa. Kada ka yi saurin dariya, aboki, mu masu ɗan guntun boko duk ciwonmu ɗaya ne, nasa dai ya fi tsanani.

Ranar nan matarsa ta samu aikinta na farko, kek ɗin bikin 'yar maƙwabciya. Ta zuba kwaɓi a sabon injin gashi ta kunna, sai ga wata kalma tana ƙyaftawa a jikinsa: "set".

"Baban yara, zo ka duba! Me yake nufi?"

Gogan ya shigo kicin yana murmushi, har da jawo kujera.

"Kin taɓo babba! Wannan kalma ma'anarta ta fi a ƙirga. In rana ta faɗi, ita ce. Jerin kwanonin can naki, ita ce."

"To me zan danna?"

"Haƙuri mana, ilimi ba a gaggawa. In siminti ya daskare..."

"Ni kek nake gasawa, ba gini ba!"

Ta miƙa hannu za ta taɓa injin, ya tare ta.

"Kul! Ba a danna abin da ba a fahimta ba."

Ya wuce kan ɗora ƙashin da ya karye, ya gangaro kan saita agogo, bai ko lura ya taka amsar ya wuce ba. Shi injin, lokaci kawai yake so a saita masa. Da ba a saita ba, ya ci gaba da aikinsa bil haƙƙi.

Hayaƙi ne ya katse laccar. Matar ta fito da abin, baƙi ƙirin, idonta ya ciko da hawaye. Wallahi ta ban tausayi.

"Tunda kai ne gwanin bayani, ɗauki ka kai mata."

Ya ɗauki faranti, ya tsallaka titi kamar mai rakiyar gawa. Maƙwabciya ta buɗe ƙofa, ta dubi farantin, ta dube shi.

"Malam, wannan kuma mene ne?"

Ƙamus-da-Ƙafa ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, wannan kam ma'anarsa ɗaya ce tak. Gawayi."